Sawun Zabuwa a Jikin Bango

Ni ban yi boko ba. A makarantar allo ma iyakata surorin salla, su ma da ka na riƙe su, hannuna bai taɓa sabawa da alƙalami ba. To amma akwai abin da na sani game da rubutu, kuma ba wurin malami na samo shi ba. A bakin murhun kakata na samo shi, a wani ɗan ƙauye da ke jingine da dajin Birnin Gwari, can bayan Gwaska, tun ban iya ɗaurin zane ba.

Iya Tabawa muke ce mata, ita ta haifi babanmu. Sana'arta zanen ƙwarya. Idan an sauke tuwo an yi sallar isha'i, ba ta yarda wuta ta mutu. Sai ta tura guntun ƙirya a murhu, ta jera 'yan wuƙaƙenta cikin garwashi, bakinsu a wuta, ƙotarsu a waje. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na juya masararsa a gefen toka. Daga cikin daji ana jiyo dila, wani lokaci kura. A wancan zamani duk abin da ake tsoro a dajin nan mai ƙafa huɗu ne.

Takan ɗora ƙwarya a cinya, ta zaro wuƙa ɗaya da ta yi ja, ta hura mata iska sau ɗaya, sannan ta ɗora. Sai ka ji cuuu, ɗan hayaƙi ya tashi, ƙaurin ya cika tsakar gida. Har yau idan na ji ƙaurin duma ya taɓa wuta, sai in waiga kamar zan gan ta. Matan Fulani daga ruga sukan kawo mata ƙorensu na nono, matan Gbagyi su sauke kaya daga kafaɗa su tsaya zaɓe. Ba ta taɓa sa wata alama ta ce wannan sunana ne ba, amma ko a kasuwar wani gari aka ga ƙwaryarta, sai ka ji an ce, "Wannan hannun Tabawa ne."

Ba ta fara tatsuniya sai hannunta ya kama aiki. Ita kuma tana da irin tata buɗewar. Takan ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya."

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Tana da su da yawa, amma wadda ta zauna mini ita ce ta Kande.

Wai an yi wata mata mai zanen ƙwarya a bakin wani kogi, tana da 'ya'ya maza, sai 'ya mace guda ɗaya, Kande. Kande yarinya ce mai kirki, sai dai ƙafarta ta fi hannunta sauri. Idan uwar ta zaunar da ita ta ce zo ki koyi zane, sai ta karce ƙoƙo nan da nan, ta ce ta gama, ta ruga wurin wasa. Rannan uwar ta kama ta, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta ɗora hannunta a kan nata. Zane ɗaya tak ta ce sai ta iya, wanda ake ce wa sawun zabuwa: yatsu uku gaba, ɗaya baya. Ta yi, a karkace. Ta sake, a karkace. Kande ta yi kuka har ta gaji, uwar ba ta sake ta ba sai da sawun ya fito sosai. Abu ɗaya ne ya gagara gyaruwa, yatsan tsakiya kullum sai ya fi na uwar tsawo. Uwar ta duba ta ce, "Bar shi. Ya fito, kowa ya gani ya san zabuwa ce. Tsawon nan kuwa naki ne."

Ana nan ana nan, sai Kande ta bi kogi ta yi sama neman kanya, ta wuce inda aka hana yara wucewa. Dodo ya tare ta, ya saɓa ta a kafaɗa, ya kai ta kogonsa a gindin wani dutse mai kuka a bisa kansa. Ya ce daga yau ke za ki riƙa yi mini tuwo. Aka nemi Kande gabas da yamma, ba ta ba labarinta. Uwar ta daina zane, kullum tana mashaya tana kallon ruwa.

A bakin kogon akwai duma ya yi yaɗo. Kande ta fafe ƙoƙo, ta ɗauki tsinin dutse ta kakkarce shi cikin sauri, tana waige-waige, ta jefa a kogi tana cewa:

"Ƙoƙo, ƙoƙo, bi ruwa,
Ka iske Inna a mashaya,
Ka ce da ita Kande na da rai."

A nan Iya takan tsaya ta mayar da wuƙa cikin garwashi ta zaɓi wata, mu kuwa masara na ƙonewa ba wanda ya kula.

Ƙoƙo ya bi ruwa har mashaya. Uwar ta tsamo shi, ta juya shi, ta ce, "Ƙaya ce ta karce wannan." Ta mayar da shi ruwa. Kande ta aika wani, ta aika wani, duk haka. Rannan tana kuka a bakin ruwa sai wani tsohon kwaɗo ya ɗago kai ya ce, "Yarinya, 'yan aikenki duk sun isa. Sai dai bebaye kike aikawa."

Kande ta koma kogo. Da Dodo ya fita farauta, sai ta sa wuƙar tuwonsa a wuta. Zuciyarta na cewa yi sauri, yana dawowa. Sai ta tuna nauyin hannun uwarta a kan nata. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta ja layi ɗaya, ta numfasa, ta ja na biyu. Ta kewaye bakin ƙoƙon da sawun zabuwa, a tsakiya kuma ta zana dutse da kuka a kansa. Ta sa shi a ruwa a hankali, ko waƙar ba ta yi ba.

Da ya isa mashaya, uwar ta tsamo shi. Ta ga yatsu uku gaba, ɗaya baya, na tsakiya ya fi tsawo. Ta rungume ƙoƙon ta ce, "'Yata na da rai." Yayyen Kande suka duba dutsen da kukar, suka bi kogi suka yi sama, suka laɓe sai da Dodo ya fita, suka ɗauko ƙanwarsu suka kawo ta gida.

Sai Iya ta hure tokar da ke kan ƙwaryarta ta ce, "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Yayana Audu ba ya taɓa gamsuwa. Ya ce, "Iya, to Dodon fa? Ba a kashe shi ba?"

Ta ce, "Dodo yana nan inda yake. Dodo ba ya ƙarewa a duniya, Audu. Ni ba labarin Dodo na ba ku ba, labarin ƙoƙo na ba ku."

A lokacin na ɗauka wayo ne irin na tsofaffi, tana so mu zauna mu koyi sana'arta. Zamani kuwa bai jira mu ba. Kwanon sha da roba suka shigo, aka daina neman ƙwarya mai zane. Iya ta koma ga Mahaliccinta, wuƙaƙenta suka yi tsatsa a saman rumbu. Na yi aure a ƙauyen, na haifa, na aurar, har ni ma na wayi gari ana ce mini Kaka.

Autana Garba shi ya zauna da ni. Da matarsa Saude ta haifi mace sai ya sa mata sunana, don haka ake kiranta Ummi, ni kuma in ce mata takwara. Da ta isa shiga makaranta aka sa ta a firamaren ƙauyenmu, ajujuwa biyu ne da inuwar ɗorawa. Malaminsu wani dattijo ne, Malam Isiyaku, mai wata ɗabi'a da ta dami iyaye. Ba ya barin ɗan aji ɗaya ya taɓa fensir sai ya yi wata da watanni yana rubutu a ƙasa da tsinke. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa duk da ciwon gwiwarsa, ya kama hannun yaro ya ja da shi. Wanda ya yi karkatacce, ya shafe da tafin hannu ya ce sake.

Ummi takan dawo tana kumbure-kumbure. Rannan ta ce wa ubanta yatsunta ciwo suke, ita ta gaji da sake-sake. Garba na zaune a kan babur ɗinsa yana latsa waya, ya yi dariya ya ce, "Inna, kin ji fa. Malam Isiyaku yana nan a zamanin da. Yanzu duniya ta koma latse-latse, wa zai tsaya duba kyan rubutu? In dai ta iya karantawa ai shi ke nan."

Na ce, "Auta, ita wayar hannun wa take nunawa?"

Ya ce, "Ba ta nuna hannun kowa. Na kowa iri ɗaya ne, shi ne daɗinta."

Da yamma na kira takwara bakin murhu na ba ta labarin Kande, yadda Iya ta ba ni. Washegari na tankaɗe yashi mai laushi na zuba a ƙofar ɗakina. Kullum bayan la'asar sai ta zauna ta yi abin da Malam ya koya musu, ni ina gefe ina tsinke zogale ina kallo. Idan layi ya karkace in ce, "Shafe. Wannan kunyar, ko makaho ya yi huɗarta ai sai haka." Idan ta cushe su wuri ɗaya in ce, "Haka ake shuka? Ba kowane rami da tazararsa ba?"

Ta ce, "Kaka, ke da ko alif ba ki sani ba, me kike dubawa?"

Na ce, "Ban san abin da zabuwa ke faɗa ba, amma na san sawunta. Shafe ki sake, sarkin surutu."

"Wallahi ke da Malam Isiyaku kun dace. Bari in gaya masa ya kawo goro."

"In ya kawo na karɓa. Sake."

Haka muka yi ta yi, daga yashi ta koma takarda. Hannunta ya zauna, rubutunta ya fito tsaf kamar jerin kunya bayan ruwan farko. A cikin baƙaƙen akwai wani mai wutsiya da ke sauka ƙasa. Kowane yaro yakan sauke wutsiyar ya tsaya, ita kuwa sai ta lanƙwaso ta kamar ƙugiyar rataye ludayi. Malam ya yi ya yi, daga baya ya ƙyale ta, ya ce tunda ana karantawa ba laifi. Ni ban san sunan baƙin ba har yau. Amma na gan shi a yashi, na gan shi a takarda, na gan shi a jikin murfin tukunyata da ta mayar allo.

To, a shekarun nan dajinmu ya canza masu shi. Abin tsoro ya koma mai ƙafa biyu, a kan babur. Ba zan tsaya ba da labarinsu ba, duk wanda ke ƙasar nan ya sani, wanda ba ya nan kuma Allah ya sa kada ya sani.

Ranar da abin ya zo kanmu, ni da Garba mun tafi Kusasu gaisuwar mutuwa. Saude na gida da jariri a baya, da Ummi. Muna zaune a gidan makoki labari ya iso cewa an shiga ƙauyenmu da hantsi, mutane sun watse cikin daji. Garba ya zaro waya, ya kira, ya sake kira. Babu sabis a duk yankin a lokacin. Ya hau tudu, ya ɗaga ta sama, ya sauko. Ina kallonsa yana jujjuya ta a hannu kamar dutsen da ya tsinta a hanya.

Kwanakin da muka yi a Kusasu ban san adadinsu ba, don ban rarrabe darensu da ranarsu ba. Duk wanda ya fito daga daji mu tare shi da tambaya. Wani ya ce ya ga Saude ta yi gabas, wani ya ce a'a, yamma. Da 'yan sa-kai suka ce hanya ta ɗan lafa, Garba ya ce zai je ya duba. Na ce da ni. Ya ce, "Inna, ki zauna, ba wurin tsofaffi ba ne." Na riga shi hawa babur ɗin.

Mun iske ƙauyen shiru, ko kaza babu. Rumbuna sun zama toka. Amma makaranta na tsaye, kuma a gindin bangonta muka ga 'yan mutane, irinmu masu neman nasu. Ashe waɗanda suka ɓuya a daji, kafin su yi gaba, sukan lallaɓo su ɗauki gawayi daga rumbunan da suka ƙone su bar saƙo a bangon. Sai dai ba mai sa suna, ba mai faɗin gari. An ce mutanen dajin suna da masu karanta musu, kuma suna a bango kamar ka nuna musu ƙofar da za su bi ne. Don haka kowa ya rubuta abin da nasa kaɗai zai gane.

Garba ya bi bangon yana karantawa a hankali. Wannan ya ce mun tsira. Wancan ya ce mun bi ayari. Ya zo kan wani ya karanta, "Muna lafiya, ni da Umma da jariri. Mun tafi gidan Kawu." Ya sauke hannu ya ce, "Inna, wa ba shi da kawu? Gida nawa ne a garin nan ke da jariri?" Wani mutum a gefe ya ce shi ma yana zaton na 'yarsa ne. Ya ce yawancin mutane cikin Birnin Gwari suka nufa, can ya kamata mu fara.

Man da ke cikin babur ba zai kai mu wuri biyu ba, kuma ba inda za a samu wani. Rana ta fara karkata. In muka yi Birnin Gwari alhali suna wani wuri, Allah kaɗai ya san yaushe za mu sake samun hanya.

Na ce, "Matsa in gani."

Na matso har hancina ya kusa taɓa bangon. Layi biyu ne, a miƙe kamar an ja igiya, kowane baƙi da tazararsa, duk da gawayi ne, duk da bangon na da kaushi. Yarinyar da ta yi wannan tana jin tsoro, na sani, amma ta tsaya ta ja kowane layi har ƙarshensa. Sai ga wutsiyar nan ta sauko ta lanƙwashe kamar ƙugiyar ludayi. Ga ta a farko, ga ta kuma a gaba.

Na ce, "Auta, takwara ce."

"Inna, kin tabbata? Yara da yawa Malam ya koyar."

"Ya koyar da su da yawa, amma wannan ƙugiyar a ƙofar ɗakina aka ƙera ta. Kai ka karanta abin da ta ce, ni na gaya maka wadda ta ce. Wane ne kawunta?"

Ya kalle ni. Saude ɗan'uwa ɗaya gare ta namiji, yana Kazage. Garba ya share fuskarsa da hular kansa, ya tayar da babur.

Kafin mu tafi na ga maƙwabciyata Binta durƙushe a ƙarshen bangon. Ɗanta Musa sa'an Ummi ne, amma tun yana aji biyu aka cire shi ya bi yayyensa wurin haƙar zinariya, don gidan ba abinci. A ƙasa-ƙasa akwai wani rubutu, dogo ne, mai shi ya so ya faɗi magana da yawa. Binta ta ce jikinta ya ba ta na Musa ne. Garba ya durƙusa ya duba, wani ɗan sa-kai da ya yi sakandare ya duba. Baƙaƙen sun hau kan juna, wasu sun kwanta, wasu ba a gama su ba. Ba wanda ya iya fitar da ko kalma ɗaya. Binta ta ce, "Ku sake dubawa, don Allah. Ko gabas ne ko yamma, ku gaya mini." Muka bar ta tana shafa gefen rubutun da yatsa, tana kaffa-kaffa kada ta goge shi.

Mun isa Kazage ana kiran magariba. Tun daga zaure na jiyo kukan jaririn. Ummi ce ta fara fitowa, ƙafafunta duk sun faffashe, bakin gawayi bai gama fita daga ƙarƙashin farcenta ba. Ba ta yi kuka ba sai da ta shiga jikina. Can ta ɗago ta ce, "Kaka, hannuna rawa yake ta yi. Umma na cewa yi sauri. Sai na ce in na yi sauri bebe zan aika."

Yanzu muna zaune a cikin Birnin Gwari, a ɗaki biyu na haya. Malam Isiyaku ya rasu a gudun hijira, Allah ya jiƙansa, ya sa durƙuson da ya yi a gaban 'ya'yan mutane ya zame masa haske. Binta na nan unguwar da ke bayanmu. Har yau ana cigiyar Musa, har yau ba ta san abin da ya so gaya mata ba.

Nakan zauna in yi tunanin Iya Tabawa. Da ina zaton kyau take koya mana, irin na ƙwaryar da za a yaba a kasuwa. Ashe tana nufin akwai ranar da mutum ba zai iya zuwa da kansa ba, muryarsa ba za ta kai ba, sai abin da hannunsa ya bari. Ranar nan kuwa ba a koyon komai a cikinta. Abin da aka kama hannunka aka koya maka tun kana kuka kana cewa ka gaji, shi kaɗai zai fito. Shi ya sa idan na ji ana cewa yara su bar wahalar rubutu tunda ga na'ura, ba na gardama, ni ba mai ilimi ba ce. Nakan dai tuna saƙo biyu a bango ɗaya, na Ummi da na Musa.

Jaririn nan da aka gudu da shi a baya ya isa shiga aji ɗaya bana. Garba da kansa ya je bakin rafi ya ɗebo yashi a buhu, ya zuba a ƙofar ɗakina. Da la'asar Ummi kan zaunar da ƙanenta tsakanin ƙafafunta, ta ɗora hannunta a kan nasa. Yana ta mutsu-mutsu yana cewa ya gama. Ita kuwa sai ta shafe da tafin hannu ta ce, "Sake."

Wannan magana ma da ta iso gare ku, bakina ne, hannunta ne. Na ce ta rubuta a hankali, ba inda za mu. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka.